Kuɗin babur da agogon Kanar

Habibu, saƙonka ya same ni lafiya, sai dai gwiwar nan da ta hana ni zaman tahiya yadda ya kamata. Sau biyu na karanta shi, don ka ɗaure tambaya biyu da igiya ɗaya. Ka ce babur ɗin maƙwabcinku da aka sace, kai ka gane shi a wurin wani bakanike, ka kai rahoto aka karɓo, mai babur ya cusa maka naira dubu ashirin a aljihu. Tun ranar abokanka ke tsokanarka da mutumin nan na fim ɗin kaboyi da na ba ka, har wasu na cewa ku kafa ƙungiya, kowane ɓarawo a yanka masa farashi. Kana so ka ji ko karɓar kuɗin abin kunya ne a wurinmu, kuma ko da gaske Amurkawan zamanin da sun mayar da farautar mutum sana'a, a kawo gawa a karɓi kuɗi kamar mai kai gyaɗa sikeli.

Bari in fara da fim ɗin, tunda ni na jawo.

Sunansa For a Few Dollars More, ya fito a 1965, kuma wanda ya shirya shi, Sergio Leone, mutumin Rum ne, Turancin ma bai ishe shi hira ba. Hamadar da ka gani ba ta Amurka ba ce, ta Almeriya ce a kudancin Sifen. Garin El Paso kuwa gina shi aka yi da katako don fim ɗin, har yau yana nan masu yawon buɗe ido na zuwa kallo. Clint Eastwood da Lee Van Cleef Amurkawa ne, amma El Indio, shugaban 'yan fashin, Gian Maria Volonté ne, ɗan Italiya, mai ƙusumbin nan da aka ƙyasta wa ashana a jiki kuma Klaus Kinski ne, Bajamushe. Kowa da harshensa ya yi wasa, daga baya aka ɗora murya, shi ya sa za ka ga leɓe na tafiya gabas magana na tafiya yamma. To ka ga, wanda ya nemi sanin al'adar Amurka daga wannan fim, labarin gari yake ji daga bakin baƙo.

Mu a Plaza ta Fagge muka gan shi, muna samari, lokacin da sama ce rufin silima, sai duhu ya yi ake fara nunawa. A ɓoye muke zuwa, don a idon kakanka duk mai shiga silima ɗan iska ne. Turancin ba ma ji. Abin da muka sani shi ne ɗan wasa da bos, sai kiɗan Ennio Morricone ya gaya mana sauran. Da an ji fito da ƙarar bulala, an san ɗan wasa ya shigo gari. Da agogon aljihun nan ya fara kaɗa ƙararrawarsa a hankali, sai 'yan kallo su yi tsit, mai gyaɗa ma ya daina talla, don kowa ya san in kiɗan ya ƙare mutum ɗaya zai faɗi.

Ka koma ka sake kallon ƙarshensa, don amsar tambayarka ta farko tana can, abokanka ne ba su lura ba. Mafarauta biyu ne a fim ɗin, ba kuma abu ɗaya ya fito da su ba. Yaron mai bargo a kafaɗa, wato Clint Eastwood, kuɗi yake bi, bai ɓoye ba. A farko ya karɓi dala 2,000 a kan mutum guda, har shugaban 'yan sandan garin yake ce masa shi sai ya shekara uku kafin ya tara haka. A ƙarshe kuma ga shi yana loda gawawwaki a keken doki yana lissafi kamar mai ƙirga buhunan masara, lissafi ya ƙi cika, ya waiwaya ya harbe wanda ya rage, ya cike dala 27,000. Mun tafa a lokacin, ba zan yi maka ƙarya ba. Shi kuwa dattijon, Kanar Mortimer, da ya kashe Indio a tsakiyar masussukar nan mai da'ira, agogo kawai ya ɗauka. Hoton da ke cikin murfin agogon na ƙanwarsa ne, wadda Indio ya kashe mijinta ya keta mata haddi, ta harbe kanta. Dala 10,000 ke kan Indio shi kaɗai, rabi kuma haƙƙin Kanar ne bisa yarjejeniya, amma ya bar wa yaron duka ya hau doki ya tafi. Da ya karɓa, da ya sayar da ƙanwarsa. Wannan ko Bahaushen ƙauye ya gane ba tare da tafinta ba.

Batun ko haka Amurka take a da, gaskiya ita ce an sa lada a kan mutane, amma mutum ɗaya tilo mai yawo gari-gari yana cin abinci da gawa, yawancinsa aikin masu fim ne. Waɗanda suka fi karɓar ladan ma'aikatan hukuma ne da albashinsu bai kai ya kawo ba, sai jami'an kamfanonin tsaro irin Pinkerton da bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa ke haya. Ɗan bindigar nan Billy the Kid da kake ji, dala 500 gwamnan New Mexico, Lew Wallace, ya sa a kansa, wanda ya harbe shi a 1881 kuma Pat Garrett ne, shugaban 'yan sandan yankin. Shi ma sai da ya sha jeka-ka-dawo kafin a biya shi.

Labarin ɗan fashin nan Jesse James ya fi dacewa da abokanka. Gwamnan Missouri, Thomas Crittenden, ya yi shelar lada da kuɗin kamfanonin jirgin ƙasa. Ba wani gwarzo ne ya tare shi a fili ba. Yaronsa ne, Robert Ford, wanda yake ci yake kwana a gidansa, ya harbe shi a ƙeya ran 3 ga Afrilu 1882, lokacin da ya juya baya yana gyara hoto a bango. Kotu ta yanke wa Ford hukuncin rataya, gwamna ya yafe masa a ranar, ladan kuma ɗan kaɗan ya shiga hannunsa. Ya koma yawon dandali yana kwaikwayon yadda ya yi kisan, 'yan kallo na kiransa matsoraci, bayan shekara 10 wani ya harbe shi a Colorado. Jesse James ɗan fashi ne mai jini a hannu, ba na wanke shi, amma jama'a ba ta taɓa yafe wa wanda ya ci tuwonsa ya sayar da shi ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wajajen 1927 ƙungiyar masu bankunan Texas ta gaji da fashi, ta yi shelar dala 5,000 ga duk wanda ya kashe ɗan fashin banki, wanda ya kamo shi da rai kuwa ko sisi. Me kake tsammani? Sai wasu suka fara yaudarar mashaya da marasa galihu, a kai su bakin banki da dare, a harbe su, a ce 'yan fashi ne, a raba kuɗi. Wani jami'in tsaro, Frank Hamer, shi ya tona asirin a jaridu a 1928, dole aka gyara sharuɗɗan. Ka koma baya kuma, jihohin Sonora da Chihuahua na Meziko sun riƙa biyan kuɗi a kan fatar kan 'yan ƙabilar Apache tun shekarun 1830, kuma tunda gashi ba ya faɗin ƙabilarsa, manoman da ba ruwansu ma sun tafi a ciki. Ga kuma masu farautar bayin da suka gudu, waɗanda dokar 1850 ta ƙara wa ƙarfi. Waɗannan su ne asalin masu sana'ar, kuma fim ɗinmu bai waiwaye su ba. Wani ɗan Italiyan ne, Sergio Corbucci, ya nuna wannan fuskar a The Great Silence na 1968, inda mafarautan su ne azzalumai, Kinski ne shugabansu, suna bin talakawan da yunwa ta kora kan dutse cikin dusar ƙanƙara, kuma doka na bayansu. Ƙarshensa ba daɗi, kada ka kalla da dare.

Abin da ya rage na sana'ar a Amurkan yau batun beli ne. Kamfani ya tsaya wa mutum, mutum ya gudu, kamfani ya tura a kamo shi da rai don kada kuɗinsa ya salwanta. Wasu jihohi kamar Illinois da Kentucky da Oregon da Wisconsin ma sun hana.

Yanzu mu dawo gida. Kuɗin da aka ba ka ba farashin ɓarawo ba ne, don ba a yanka shi tun farko ba, kai ma ba don shi ka buɗe ido ba. Mu muna da sunaye daban-daban, kuma kowanne da mazauninsa. La'ada ta dillali ce, an san ta kafin ciniki, yana da ikon ya tambaya. Tukuici na ɗan aike ne da ya kawo kyauta. Goron albishir na wanda ya kawo labari mai daɗi ne. Naka tsakanin biyun ƙarshen yake, kuma ƙa'idarsu ɗaya: ba a tambaya, ba a ciniki, ba a ƙirgawa a gaban mai bayarwa. Ka ce "haba Baba, ai yi wa kai ne," ka janye hannu sau ɗaya. In ya nace ka karɓa da hannu biyu ka yi godiya, don mayar wa babba kyautarsa raini ne. Ina fata haka ka yi, ba wuf ka yi da su ba kamar shaho.

Ina yaro akuyar kakarka ta ɓace, da tsohon ciki. Aka ba mai shela cigiya, ya zaga unguwa bayan la'asar yana faɗin kamanninta, ja mai farin goshi, kunnen hagu a tsage. Kwana uku sai ga wani almajiri ya jawo ta da igiyar rama, ya tsinto ta a bayan ganuwa. Kakarka ba ta tambaye shi nawa ba, shi ma bai ce komai ba, ya tsuguna a zaure yana kallon ƙasa. Ta fito masa da tuwo da miyar kuka, ta ƙulle masa sulai a gefen riga, da akuyar ta haihu kuma ta aika a nemo shi ta nuna masa 'yar ta ce tasa ce. Har ya bar garin yana zuwa gaishe ta.

Ko da an yi alkawarin lada tun farko, a kan kaya addini bai hana ba. Ka tuna a Suratu Yusuf an yi shelar kayan raƙumi guda ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. A Risala ma, in ba ka manta karatun zaure ba, an kawo ji'ala a kan dawo da raƙumin da ya ɓalle ko haƙa rijiya, kuma ba a biya sai aiki ya kammala. An ambaci bawan da ya gudu a wurin, wannan kuwa zamaninsa ya wuce, Allah ya raka taki gona. Duk a kan dawo da abu ake magana. Ban taɓa jin malamin da ya karanta mana cewa a biya mutum don ya kawo gawa ba. A tsarinmu wanda ya kama ɓarawo mai unguwa yake kai wa, daga nan dagaci, hakimi, har gaban alƙali. Dogari ke kamu, yari ke tsarewa. Jini kuwa, ko na ƙisasi ne, sai shari'a ta tabbatar, magada su zaɓi kisa ko diyya ko yafiya, hukuma ta zartar. Ba a bar wa mai ƙarfin damtse ba.

Shi ya sa maganar ƙungiyar nan ta hana ni barci. Na san unguwanni na da 'yan sintiri, ana tara musu kuɗin wata, ban ce a daina ba, ni ma ina bayarwa. Amma ranar da kuka ce kowane ɓarawo dubu kaza, kun kama hanyar masu bankunan Texas. Watan da ba a yi sata ba, wa zai biya ku? Sai a fara kallon baƙon da ya sauka tasha da dare, da yaron da ya yi rigima da ɗayanku a kan budurwa. Kai kanka ka san yadda ihun "ɓarawo" ɗaya ke ƙarewa a kasuwa, kafin a tambayi suna an nemo taya da fetur. Ko bakaniken da ka samu babur a wurinsa, ka tabbata shi ya sata, ko kawo masa gyara aka yi? Ka bar masu bincike su yi aikinsu, in an kira ka shaida ka faɗi iya abin da idonka ya gani.

Dubu ashirin ɗin ka cire biyar ka kai wa mahaifiyarka, ka gaya mata inda suka fito, don kada ta ji a bakin matan unguwa. Sauran ka gyara wayarka da kullum take yankewa in muna magana. In ka shigo Kano hutun Sallah ka taho mini da filashina, akwai fim ɗin Leone na 1966 a ciki, mai mutum uku da maƙabarta, ban gama sake kallonsa ba ka ɗauke. Ka gaida mahaifinka, ka ce masa har yanzu ina jiran zumar da ya yi alkawari.