Kwayil ɗina ba ya zafi, batir kuma ba ya kai la'asar

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara guda ke nan da na bar taba na koma sigarin lantarki, kwanan nan kuma na fara naɗa kwayil (nannaɗaɗɗiyar wayar da ke yin zafi ta mai da ruwan sigarin tururi) da kaina. Na yi guda biyu da wayar Kanthal lamba 24, naɗi shida-shida a kan sanda mai kaurin milimita 3, na'ura ta nuna om 0.27 (ma'aunin turjiyar waya ga lantarki). Irin wadda ake saita wa wat ce, batir ɗaya take ci, Samsung 30Q. A wat 30 sai na daɗe ina danne da ita kafin tururi ya taso, shi ma da sanyinsa. A 70 yana daɗi, amma na'urar takan yi zafi a hannu, batir ya mutu kafin la'asar. Wani abokina ya ce in ƙara rage om. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye shawarar abokin nan tukuna. Babbar tukunya ka ɗora a kan ƙaramin risho, shi ke nan matsalar.

Maganarsa tana da asali. A na'urorin da ba su da komai a ciki sai batir da makunni, om ne ke yanke ƙarfi: cikakken batir yana ba da bolt 4.2, in kwayil 0.27 ne zai ja amfiya (ma'aunin yawan wutar da ake zuƙa daga batir) kusan 15 da rabi, in aka sauke shi zuwa 0.15 ya ja 28. Taka ba haka take ba. In ka saita wat 30, talatin ɗin za ta bayar, ko kwayil 0.2 ne ko 0.8. Abin da ke sa tururi ɗumi ko sanyi shi ne faɗin jikin wayar da wat ɗin zai bazu a kai, da yawan ƙarfen da zai fara dafawa.

Mu auna naka. Lamba 24 kaurinta kusan rabin milimita ne, kowane kwayil kuma ya ci wajen milimita 76 har da ƙafafunsa. Biyun a haɗe, faɗin jikinsu ya kai murabba'in milimita 240 da ɗoriya. Raba wat 30 a kan wannan, kowane murabba'i ya samu miliwat 120 da 'yan kai. Shi ne sanyin da kake ji. A 70 lissafin ya doshi 290, zafi sosai. Ni a ganina daɗin yana wajen 200, wato kwayil ɗinka wat 50 yake nema.

To, batir ɗin zai iya? A nan ne hankalina bai kwanta ba. Samsung 30Q yana riƙe caji, amma amfiya 15 aka yi shi ya bayar a ɗore. A na'ura irin taka, batir ya fi wahala idan caji ya yi ƙasa, don sai ya ƙara amfiya kafin ya cike wat ɗin da aka nema. Ɗauki bolt 3.2, ka cire kusan kashi 10 cikin ɗari da na'urar ke ɓatarwa: wat 70 ya zama amfiya 24. Ka haye iyakarsa da tara, zafin da kake ji a tafin hannu ke nan. Iyakar wannan batir wat 40 ne zuwa 45. Ko hamsin ɗin ma ya fi ƙarfinsa.

Mafi sauƙi, in tankinka (kan na'urar da ake ɗaura kwayil a zuba ruwa) yana karɓar kwayil ɗaya, cire guda. Om zai koma wajen 0.54, wat 25 ya ishe ka, ɗumin da kake nema ya fito, batir ya wuni. In jinkirin tashi ne ya fi damun ka, koma lamba 26, wadda ta fi siriri (lamba na hawa, waya na ramewa). Kwayil ɗaya mai naɗi shida zai ba ka wajen om 0.8, ƙarfensa bai kai sulusin na yanzu ba, a wat 20 kana dannawa yana amsawa. Wayar Ni80 ma ta fi Kanthal saurin ɗauka. In kuwa biyun ka nace, nemi batir mai amfiya 20 irin Samsung 25R ka tsaya a 50, ko na'ura mai batir biyu. Su Clapton ɗin nan masu kyan gani (wayar da aka nannaɗe da wata siririyar waya) bar su tukuna, ƙarin ƙarfe ne kawai a kan risho ɗinka.

Kafin ka sa audugar lagwani a cikin kwayil, danna a hankali da ƙaramin wat ka kalli kwayil. Ya fara ja daga tsakiya yana bazuwa gefe. In ƙafa ɗaya ce ta fara haske ko wani ɗigo ya yi fari, goga masa tsinke ka sake gwadawa. Audugar ta shiga da ɗan matsi, ba har ta ja kwayil ta karkatar da shi ba. Da ka ji ƙauri a maƙogwaro, tsaya, kada ka daure: lagwani ne ya bushe, ruwan kuma idan ya ƙone yana fitar da guba irin su fomaldihayid da akrolin. Wannan abu dama ba iska mai tsabta ba ce, wanda bai taɓa shan taba ba ba shi da dalilin kusantarsa, kai da ka baro sigari kuma bai kamata ka ƙara wa huhunka ƙonanne ba.

Batir ɗin da ya sha wat 70 ɗin nan, duba rigarsa. In ledar ta yage ko ta yamutse, ko kansa ya lotsa, daina amfani da shi. Kada ka jefa na ajiya a aljihu tare da makulli, kada ka bar shi cikin mota a rana, wanda kuma ka ga an rubuta wa amfiya 40 a kan araha, bar wa mai shago kayansa.