Me ya sa faɗuwar naira ke tayar da farashin gero a Katsina?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina saye a ƙauyukan Katsina ina kaiwa Dawanau. Na lura duk sanda naira ta karye a hannun 'yan canji, sai gero da masara su tashi ko da kaka ta yi kyau. Manyanmu na cewa mutanen Nijar ne ke kwashewa. Gaskiya ne? In an rufe iyaka abin zai sauka?

Amsa: Malam, manyanka sun faɗi gaskiya, sai dai ba su ƙarasa ba. Buhu ba ya tambayar ƙasar da aka noma shi. Inda kuɗi ya fi nauyi can yake nufa.

Fara da kuɗin. Sefa, kuɗin Nijar, a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 kasuwa ce ke yanka mata farashi. A 2019 jaka ɗaya, wato sefa dubu, tana wajen naira 600. A cikin 2024 ta haura naira 2,000. To ɗauki ɗan kasuwar Maraɗi da ya sauko Jibiya ran kasuwa. Yana tsayawa wurin ɗan canji, jakar da ke aljihunsa ta zama ninki uku na abin da take kawo masa a da. Kai kana ganin buhu ya yi tsada, shi yana ganin ɓagas. Dillali ya san haka, shi ya sa yana hango baƙon zai ɗaga farashi, kuma kai ma a wannan farashin za ka saya. Kafin mako ya zagayo labarin ya isa Dawanau ta waya.

Abin da ake mantawa shi ne hanyar nan biyu ce. Wake mai yawa da ake ci har Legas da Anaca daga gonakin Maraɗi da Damagaram yake fitowa. Haka aya, haka albasar Galmi, haka dabino. Je ka Maigatari ranar Alhamis ka ga shanu da raguna da raƙuma, ka tambayi fatoma daga ina suka fito. Su kuma waɗannan, in naira ta faɗi tsada suke yi mana, domin Buzun da ya sayar da sa a naira zai canza ta koma sefa, ya ga ba ta kai abin da ya saba ba, sai ya ƙara kuɗi ko ya juya da dabbarsa wata kasuwa. Ke nan faɗuwar naira duka biyu take yi mana: ta fitar da hatsinmu, ta tsadar da abin da ke shigowa.

Kuma akan samu akasi. A 2005 hatsi ya yi tsada a arewacin Najeriya, sai gero ya riƙa gangarowa kudu daga Nijar maimakon ya haura can, alhali fari da fara sun cinye amfanin ƙasar a daminar 2004. Yankin Maraɗi, wanda shi ne rumbun ƙasar, yana cikin inda yara suka fi jin jiki a shekarar. Ina yawan tuna wa mutanenmu wannan in suka fara zargin maƙwabta.

Batun rufe iyaka kuwa ba sai mun yi hasashe ba, an gwada har sau biyu tun daga 2019. Gwamnatin Buhari ta rufe a watan Agustan 2019, aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, har Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Sai Maris ɗin 2024 aka buɗe. A duka lokutan biyu abinci bai sauka ba, hawa ma ya yi. Iyakar nan ta kusa kilomita 1,500, galibi fili ne da gonaki. Tirela ta tsaya a bakin shinge, sai kaya su koma kan babur da amalanke, buhu bibbiyu, ta ɓarauniyar hanya cikin dare. Kowane shinge da abin da za a ajiye, kuma duk a kan mai sayen tiya ɗaya yake ƙarewa. Wanda ya sha wuya shi ne ɗan dako da mai abinci da direban da ke cin abinci a bakin iyakar. Manyan 'yan fasa-ƙwauri kasuwa ce ta buɗe musu.

Dalilin da shinge ba ya aiki ya girmi shingen. Gidan sarautar Katsina da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19 shi ya kafa Maraɗi, har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Alhajin Maraɗi zai aiko wa ɗan'uwansa na Kano kaya na miliyoyi ba takarda, a biya bayan an sayar. Wannan amanar ce jarin cinikin, kuma babu jami'in kwastan da zai iya kama ta.

Man fetur ya nuna abin da ke tsayar da kaya da gaske. Shekara da shekaru jarkokin manmu ke cika bakin titunan Maraɗi da Ƙonni, duk da matatar da aka buɗe a Damagaram a 2011. Sintiri bai hana ba. Da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ribar ta ragu, cinikin ya yi sanyi da kansa.

Don haka kafin ka cika sito, tambayi ɗan canji nawa jaka take yau, ka kuma bincika yadda damina ta kasance a Tasawa da Madarunfa. In sefa na hawa, kakarsu kuma ba ta yi kyau ba, riƙe kayanka zuwa bazara. In naira ta fara farfaɗowa alhali rumbunansu a cike suke, kada ka jira, sayar tun masu sefa ba su daina zuwa ba.