Amsa ga ƙanenmu da aka yanke wa suna a fostarsa

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, kuma wallahi raina ya sosu. Ka ce ka haɗa fostar fim ɗin Black Panther a manhajar gyaran hoto ta PicsArt, mutane suna cewa jarumin kamar manna shi aka yi a kan hoton baya, bayan haka kuma wani shafi ya ɗauke ta ya yanke sunanka ya saka a matsayin aikinsa, har kana tunanin barin harkar gaba ɗaya. Kada ka bari. Abu biyun nan duk sun same ni, na biyun ma ya fi naka muni.

A ƙarshen watan Agusta na 2021 na haɗa wata fosta da har yau ban yi wadda nake so kamarta ba. Wannan jarumin dai, shekara guda ke nan da rasuwar Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin Black Panther a fim ɗin, shi ya sa na yi ta. Na je da kaina na ɗauko hoton dutsen Kwatarkwashi da la'asar sakaliya, na tsayar da shi a saman dutsen, rana tana bayansa. Da tsohuwar kwamfutata na yi, wadda batirinta ba ya riƙe caji, da an ɗauke wuta sai ta mutu da abin da ban adana ba. Na saka a Facebook, ba a jima ba aka katse sabis a Zamfara a watan Satumba. Duk kun san halin da muka shiga, mutum sai ya tafi har Funtuwa don ya buga waya ɗaya. Ban san abin da ke faruwa da hoton ba sam.

Bayan an dawo da sabis, ina kan mashin a nan cikin Gusau, sai na hango fostata a ƙofar wani shagon tura fina-finai. An buga ta a katuwar bana. An datse ƙasan da sunana yake, an ɗora sunan shagon da lambar waya da jan rubutu a daidai ƙirjin jarumin. Na sauka na yi sallama, na ce ranka ya daɗe, wannan aikina ne. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce yaronsa ne ya yi. Na fito da waya na nuna masa ranar da na saka. Sai ya juya magana, wai a intanet aka samu, abin intanet kuma na kowa ne. Da na ce to a mayar da sunana kawai, ba kuɗi nake nema ba, sai ya ɗaga murya a gaban samarin da ke zaune a benci, ya ce ni ne na ƙirƙiri jarumin da zan zo ina yi masa iyayi a bakin sana'arsa? Suka yi dariya. Mutumin ya girme ni nesa ba kusa ba, ba zan iya sa-in-sa da shi ba, haka na hau mashin hannuna yana rawa.

Abin da ya fi ci mini rai, ba daga asalin hoton ya buga ba, sikirinshot ya yi. Ya ja shi ta gefe don ya cika bana, kan jarumin ya baje, dutsen da na sha wahala a kansa ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. Waɗanda suka san ni ne na yi suka ɗauka iyakar hannuna ke nan. Yaron nasa kuwa da wannan bana ya riƙa samun aikin fostar biki da ta saukar karatu, ana cewa a je wurin wanda ya ɗora jarumi a kan Kwatarkwashi. Banar ta daɗe a wurin har rana ta cinye launinta, ni kuma na daina bin layin. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Maganarsa ɗaya tana da ƙamshin gaskiya, kuma gara ka ji ta daga bakina. Jarumin na Marvel ne, Marvel kuma Disney ta saye shi tun 2009. Don haka fostar masoya, wato wadda masu son fim suke haɗawa da kansu, ba ta sayarwa ba ce, ka kuma rubuta a jiki cewa ta masoya ce, kada wani ya zaci ta kamfani ce. Amma haɗin, da hasken, da hoton da ka ɗauka da hannunka, guminka ne, ba wanda ya isa ya goge sunanka a kai.

Kada ka sake sa suna a gefen ƙasa kaɗai, nan almakashi yake fara ci. Ka sa a cikin siririn rubutun nan na ƙasan fosta inda ake jera sunayen ma'aikatan fim, ka kuma sake sa wani ƙarami a jikin hoton, kan kafaɗa ko cikin gini, ka rage ƙarfinsa zuwa kashi 20 ko 30. Wanda zai cire shi sai ya ɓata hoton. Abin da za ka saka a intanet kada ya wuce fiksel 1080 a 1350, babban ya zauna a wurinka. Kuma ka adana fayil mai leyoyi, wato wanda kowane sashe na hoton yake zaune a shimfiɗarsa daban, ba a haɗe su ba. Ranar gardama shi ne shaidarka, domin ɓarawo hoto ɗaya shafaffe gare shi, kai kuwa za ka iya kashe leya ka kunna a gaban kowa. Idan ba ka da Photoshop, buɗe Photopea a burauza, kyauta ne, yana buɗe PSD, wato fayil ɗin Photoshop mai leyoyi, yana kuma adanawa. A waya yana da ɗan wahalar sarrafawa, amma yana yi.

Batun manna kuwa, na buɗe fostarka na duba sosai. Yankanka ba shi da laifi, haske ne matsalar. Jaruminka haske yana dukansa daga dama, garin da ke bayansa kuma rana tana hagu. Ido yana gane wannan tun kafin mutum ya san me ya gani. Ka juya hoton bayan, ko ka nemi wani. Ni yanzu kafin na yanke komai sai na tambayi kaina daga ina hasken yake fitowa. Kuma ba shi da inuwa a ƙarƙashin ƙafa, shi ya sa yake kamar yana shawagi. Buɗe sabuwar leya a ƙarƙashinsa, ka sa ta a Maltifulai, wato yanayin haɗa leya da ke ƙara duhu, ka ɗauki burushi mai laushi ka zana inuwa mai duhu daidai inda ƙafa ta taɓa ƙasa, ta riƙa dusashewa tana nisa. Kada ka yi da baƙi wuluk, ɗebo launi mafi duhu daga ƙasan wurin. Tun da kayansa baƙaƙe ne, yana buƙatar siririn haske a gefen kafaɗa da kai, mai launin sararin da ke bayansa, in ba haka ba zai nutse.

Ka daina amfani da magogi wajen yanka. Yi da mas, wato marufin da ake ɗora wa leya a yi zane a kansa, baƙi ya ɓoye sashen hoto, fari ya dawo da shi, ba abin da ya ɓace. Tartsatsi da walƙiya da wuta kuma ka nemo masu baƙin baya ka sa su a Sikirin, wato yanayin haɗa leya da ke barin haske kaɗai, baƙin zai tafi da kansa. Amma don Allah ka rage, naka sun yi yawa, sun rufe fuskar.

Ka lura da yadda dutse mai nisa yake yin fari-fari a lokacin hazo, na kusa kuma yana nan da duhunsa. Haka za ka yi wa gine-ginen baya, ka rage musu kaifi da duhu, jarumin zai fito da kansa. A ƙarshe ka haɗe komai, ka bi da launi ɗaya a saman duka, ko a manhajar Snapseed ne, ka ɗan yayyafa tsakuwar hoto, wato ƙananan ɗigo-ɗigo irin na tsohon hoto, kaɗan don sassan su zama 'yan gida ɗaya.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Na san a gida ana ce maka wasan yara kake, kana ƙona data a banza. Ni ma an faɗa mini, kuma ya fi zafi daga bakin wanda kake jin nauyinsa. Amma duk abin da nake ci da shi yau a aikin fostar makarantu da shaguna, a kan waɗannan jaruman na koye shi. Akwai wani ɗan Ostireliya da ake kira BossLogic, da fostocin masoya ya yi suna, har manyan kamfanonin fim ɗin suka riƙa ba shi aiki. Ban ce kowa zai kai can ba, amma hannun da kake gogewa yanzu ba asara ba ne.

In ka tashi bugawa don ɗakinka, asalin fostar sinima inci 27 ne a 40, a ɗigo 300 kowane inci ya kama fiksel 8100 a 12000, waya ba za ta ɗauka ba. Tsaya a girman takardar A3, fiksel 3508 a 4961. Ka sani allo da tsarin launi na haske, RGB, yake aiki, injin bugawa kuma da na tawada, CMYK, shuɗi da shunayya masu ƙyalli za su dushe a takarda, don haka a buga maka ƙarami ka gani kafin ka biya kuɗin babba.

Shafin da ya ɗauke maka, ka yi musu magana ta sirri da ladabi, ka tura musu matakan aikin. In sun ƙi, kawo mana nan mu shiga mu faɗa a ƙarƙashin hoton cewa naka ne. Ni a lokacina ban samu ko mutum ɗaya da ya tsaya mini ba. 'Yan'uwa masu sa alamar dariya a fostar yaron nan, ku ji tsoron Allah, gyara ya nema. Kai kuma ƙanena, turo mini hoton jarumin da na bayan daban-daban ta WhatsApp, a matsayin dokumen don kada ya matse su, zan gyara hasken in dawo maka da shi da leyoyinsa ka ga abin da na taɓa.