Makon farko a makarantar Katolika ta maza: amsa ga mahaifiyar da ta yi tambaya

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce ɗanki zai shiga aji ɗaya a makarantar kwana ta Katolika ta maza zalla, ku kuma ba 'yan Katolika ba ne, kina son sanin abin da zai tarar da yadda za ki gane ko yana hannu nagari. Na koyar shekara 12 a irin wannan makaranta, biyar daga ciki ni ke kula da ɗakin kwanan sababbin ɗalibai. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Ranar komawa ba ta da wani sirri: layin rajista, binciken kaya, rabon gado. Ki rubuta sunansa a jikin komai, har safa. In kin zo sallama kada ki ja ta, ki yi masa addu'a ki juya, domin hawayenki ya fi nasa karya masa zuciya.

Cikin kwanakin farko galibi akan tara makaranta gaba ɗaya a coci a yi Mas, wato babbar ibadar 'yan Katolika, na Ruhu Mai Tsarki. Tsohuwar al'ada ce daga makarantun Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, waɗanda suka buɗe kwalejinsu a Messina ta Italiya a 1548. Fada zai fito da jar riga, a roƙa wa malamai da ɗalibai basira a sabuwar shekara. Abu guda za ki gaya wa yaron tun daga gida: idan aka tashi karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki da ake rabawa a Mas, wanda ba ɗan Katolika ba ba ya karɓa. Ya zauna a wurinsa, ko kuma, inda aka saba haka, ya bi layi da hannuwansa a gicciye a ƙirji a sa masa albarka. Na sha ganin yaro ya bi sahu cikin rashin sani, daga baya ya yini cikin kunya. Sauran addu'o'in safe da na dare, ki tambayi shugaban makaranta kai tsaye wanne ne dole, wanne ne ganin dama.

Amma wannan duk mai sauƙi ne. Inda nake so ki sa ido shi ne tsakanin tashi daga aji zuwa kashe fitila. A aji kowane yaro yana da mai kallonsa. A filin wasa, wurin wanka da ɗakin kwana ne ake gane makaranta. Don Bosco, limamin nan na Turin da ya kafa ƙungiyar Salesian a 1859, a kan wannan ya gina tarbiyyarsa: hankali, addini da ƙauna, malami kuma ya kasance a tsakiyar yara lokacin wasa, ya tare ɓarna tun ba ta auku ba. Ba kowace makarantar Katolika ce tasu ba, akwai na 'yan'uwan Marist, na De La Salle, da na dayosis, wato yankin cocin da ke ƙarƙashin bishop guda. Ko ta wane ne, ki tsaya ki kalli filin da yamma. In kin ga manya a cikin yara suna kiran su da sunayensu, hankalinki ya kwanta.

Akwai wani yaro da har yau nake tunawa. Daren farko ya ƙi kwanciya, ya zauna a kan akwatinsa, makullin rataye a wuyansa, ya damƙe shi kamar za a ƙwace. Ban ce masa komai ba, na jawo kujera na zauna a bakin ƙofa da tocila. Dare na uku ne ya fashe da kuka, kuma haka yawancinsu suke, sai ɗoki ya wuce kewa take saukowa. Na haɗa shi da wani ɗan aji uku mai sanyin hali, ya nuna masa yadda ake gyara gado da inda ake shanya. Kafin ƙarshen wata yana cikin masu waƙa a coci. Don haka in ya kira ki yana cewa a zo a ɗauke shi, ki saurare shi har ya gama, amma kada ki tashi mota. Ki kira malamin ɗakinsu.

Kukan kewa daban, shirun tsoro daban. Wata shekara wani siniya ya yi mako biyu yana karɓe wa ƙanana kaya yana sa su wanki da dare, ban sani ba, sai da na lura wani yaro kullum riga ɗaya yake sawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a ƙarƙashin kulawata ya faru. Yaron da ya daina magana, ko kayansa suke ta ɓacewa, ko yake gudun wani mutum guda, babba ne ko ɗalibi, wannan ba a jiran ranar ziyara. Kuma kada kwarjinin rigar limamai ya hana ki tambaya. Cocin kanta ta ɗanɗana ɗacin ɓoye cin zarafin yara, shi ya sa a 2019 Fafaroma Francis ya wajabta wa kowace dayosis ta samar da hanyar kai ƙara wadda kowa zai iya bi. Ki tambayi wa ke da alhakin kare yara a makarantar, ki karɓi lambarsa, ki kuma nuna wa ɗanki shi ido da ido kafin ki tafi.

Ranar ziyara ta farko, kada ki fara da makin jarrabawa, zangon farko ba a cika gane ƙoƙarin yaro ba. Ki tambaye shi wa ke kwana kusa da shi, da wa yake zama a coci, wane malami ne ya san sunansa. In ya jero miki sunaye uku ko huɗu ba tare da dogon tunani ba, to ya fara samun wurin zama. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma sanyaya miki zuciya.