Ƙanena, karɓi usur ɗin

Na ga tambayarka, cewa koci ya ce ka riƙa busa wasan ƙwallon yara kafin gwiwarka ta warke, kai kuma kana ganin raini ne. Wallahi na san wannan ɗacin, ni idon sawu ne ya zaunar da ni aka miƙa min usur. Ka karɓa.

Yawancinmu muna taka leda ne ba mu san dokarta ba. Dokokin 17 ne kacal, amma mutum nawa a nan suka san babu satar gida in daga jifa ka karɓi ƙwallo, ko daga kwana, ko bugun gola? Kai da kake ɗan gaba, wannan abincinka ne. Tun 2019 ba sai ƙwallo ta fita daga yadi sha takwas ba a bugun gola, amma har yau ana musu a kai a filayen unguwa. Kuma rafli ba ƙwallo kaɗai yake kallo ba, fili duka yake gani. Nan na fara lura da inda 'yan baya ke barin ƙofa a buɗe. Da na dawo wasa, kafin ƙwallo ta iso ƙafata na riga na ɗaga kai.

Sai dai ka shirya wa manya, yaran ba su da matsala. A wasan ƙarshe na wata gasar 'yan ƙasa da 13, can wajen Bauchi Road a nan Jos, yaro ya tare ƙwallo da hannu biyu a gaban raga, kowa ya gani, na ba da fenariti. Kocinsu, dattijo da furfura a gemu, ya shigo fili ya ci kwalata, ya ce nawa aka biya ni, ya ambaci mahaifina. A gaban yaran da nake koya wa jifa! Ya janye 'yan wasansa, yaran suna kuka su dai suna son ƙarasawa. Waɗanda suka roƙe ni na zo kuwa ko uffan, ko kuɗin keke ba wanda ya ba ni, haka na ɗingisa har gida. Mutumin nan har yau muna haɗuwa a kasuwar Terminus, ya miƙo min hannu kamar ba shi ba. Allah ya isa ban ce ba, amma ban manta ba. Tun ranar ban ƙara buɗe baki na zagi alƙalin wasa ba, kati kuma ya yi min wuyar samu.

Kada ka je kai kaɗai, ka tafi da abokai biyu su riƙe maka tuta. Ka tara kocin kowane ɓangare kafin a take, ku yi magana a gaban shaidu. In ka busa, busa da ƙarfi, kada ka tsaya dogon bayani. Ranar da Plateau United ke gida, je ka kalli rafli maimakon ƙwallo, ka ga yadda yake yanka fili a karkace, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ita gwiwar kuma, don Allah kar ka bari mai ɗori ya murɗa ta kafin a yi hoto a asibiti. Sanyin Jos da sassafe yana tayar da ciwo, ka ce a riƙa sa maka wasannin la'asar, kuma ba dole ka yi gudu ba tukuna. Allah ya ƙara sauƙi.