Tambaya da Amsa: Zan ɗauki hayar RV in kai iyali zumunci Atlanta a hutun Disamba, ya kuka gani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx da maiɗakina da yara uku, muna so mu je wajen yayana a Atlanta lokacin da aka rufe makarantu hutun Kirsimeti. Tikitin jirgi na mutum biyar ya yi tsada, gidan yayan nawa kuma ba shi da girma. Shi ne nake tunanin hayar motar nan mai ɗaki da kicin da banɗaki a ciki, RV. Zai fi sauƙi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri kan wannan niyya ta zumunci. Gaskiya idan don rage kuɗi ne kawai to kar ka sa rai sosai. Daga New York zuwa Atlanta kusan mil 870 ne, zuwa da dawowa ka haura 1,700, kuma irin wadda za ta ɗauke ku, wadda ake kira Class C, galan ɗaya ba ya kai ta nesa da mil 10, ka ga kenan mai kaɗai wajen galan 170 ne, ga kuɗin haya na kowane dare, ga kamfanoni irin Cruise America suna cajin kowane mil daban, janareta ma ana ƙirga masa awa. Amfaninta na gaskiya shi ne kun je da ɗakin kwananku, ba ku takura wa matar yayanka ba. Lasisinka na mota ya isa, wannan ba matsala ba ce.

Abin da mutane suke mantawa har sai sun isa shi ne inda za a ajiye ta. Kafin ka biya ko sisi ka kira yaya ka tambaye shi ko unguwarsu tana ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje, HOA ɗin nan, domin da yawansu sun hana ajiye RV a ƙofar gida ko sun ƙayyade kwanaki, kuma shi za a aiko wa takardar tara ba kai ba. Ka ce ya auna filin ƙofar garejin ma, motar tana kai ƙafa 25 zuwa 30. Sai wuta, ita amp 30 take so, soket ɗin gida kuwa 15 ne ko 20, da adafta za ka samu fitila da firij da cajin batir, amma ka haɗa hita da microwave lokaci guda to wutar ɓangaren gidan za ta ɗauke ana tsakiyar hira.

Sanyi shi ne babba. Da zarar an sauka ƙasa da digiri 32 a ma'aunin Amurka ruwan cikin bututun motar zai iya daskarewa ya fasa shi, kai kuma za ka biya. A arewa sau da yawa za su ba ka motar sun zuke ruwan sun zuba maganin daskarewa mai launin hoda, ma'ana famfo ba ya aiki har sai kun gangara kudu, don haka ka ɗebi ruwan jarka da buta saboda alwala. Atlanta ɗin ma takan daskare da dare a Disamba. Hitar gas ɗin motar ta fi ta lantarki, amma ka gwada na'urar nan mai ƙara idan hayaƙi mai guba ya taru, kuma don Allah kar a kwana janareta na aiki kusa da taga. Wannan ba na wasa da shi, hayaƙin ba wari ba launi, yara suna barci.

Hanya kuma kar ka bi Google ido rufe. Tsayin motar ya kai ƙafa 11 zuwa 12, titunan New York da ake kira parkway gadojin da ke samansu sun yi ƙasa sosai, ka kauce musu gaba ɗaya. A Baltimore an hana shiga hanyoyin ƙarƙashin ruwa na Fort McHenry da Harbor da tukunyar gas da nauyin gas ɗinta ya wuce fam 10, sai ka zagaya ta yammacin babbar hanyar I-695. Daga Petersburg a Virginia ka kama I-85. Ka raba tafiyar kwana biyu, Greensboro wuri ne mai kyau na yada zango, akwai 'yan Nijar da yawa a can. Ka kama wuri a sansanin kwanan RV irin KOA tun da wuri, a can ne kuma za ka juye tankin banɗaki, ba a lambatun unguwar yaya ba. Shagunan Walmart wasu suna bari a kwana a filin ajiye motocinsu wasu ba sa bari, sai ka tambayi manaja.

Idan akwai ƙaramin da ke zama a kujerar yara, ka duba da idonka akwai mazauni mai bel da ke kallon gaba, na gefe bai dace ba, kuma ba mai yawo ko kwanciya a gado mota na tafiya.

In kun isa kuma a ci abinci cikin gida tare, motar ta kwana ce kawai. Ka faɗa wa yaya dalilinka tun a waya, kar matarsa ta ɗauka ƙyamar gidanta kuke yi.