An kashe jijiyar haƙorina, me ya kawo ƙurji a dasashi?

Tambaya: Likita, shekara 2 ke nan da na faɗo daga babur, haƙorina na gaba na sama ya yi baƙi. Aka kashe jijiyar aka cike. Yanzu ƙurji ya fito a dasashi daidai samansa, in ya fashe sai ya dawo. A hoto na ga cikon bai kai ƙarshen saiwa ba. Aikin ne bai yi kyau ba? Daga wata mai karatu a Kuseri.

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya sawwaƙe. Kada ki yi saurin ganin laifin likitan. In ratar ba ta wuce rabin milimita zuwa milimita 1 ba, da gangan muke barinta. Daidai nan ramin jijiya ya fi tsukewa, kuma sau da yawa ƙofarsa ba a tsinin saiwar take ba, a gefe take kaɗan. Wani mai bincike kan haƙora, Kuttler, ya auna wannan tun 1955. Wanda ya nace sai ya taɓo tsinin da yake gani a hoto, ƙashi zai soka.

Inda gizo ke saƙa shi ne milimita 3 na ƙarshen saiwar. Kin san yadda kogin Shari ke rarrabuwa hannu-hannu kafin ya faɗa Tafkin Chadi? Haka ramin yakan yi a wasu haƙoran. 'Yan rassan nan allurarmu ba ta shiga cikinsu, hoto ma bai cika nuna su ba. Sai dai ruwan wanki ya ratsa, wanda, kada ki yi dariya, ɗan'uwan javel ne (ruwan nan na wanke farin kaya) da aka tsarma. Ƙwayoyin cutar da suka laɓe a can su ke tara mugunya.

Ba ki faɗi wane haƙori ba ne. Na tsakiya, mai tsawon milimita 22 zuwa 23, miƙaƙƙe ne, raminsa ɗaya. Na kusa da shi kuwa, ƙarshen saiwarsa yakan lanƙwashe baya, shi ya fi ba mu wahala.

Ki koma a sake hoto. Galibi buɗe cikon ake yi a sake wankewa. In ƙurjin ya ƙi, sai a ɗaga dasashi a datse milimita 3 ɗin nan, haƙori ya zauna abinsa. Kafso daga kanti zai kwantar da kumburi na 'yan kwanaki ne kawai, domin babu jinin da zai kai magani cikin ramin. In fuska ta kumbura ko zazzaɓi ya zo, kada ki kwana ba ki je asibiti ba.